Likita Muntaka, Ɗan Wanzamin Gatawa

Da kumburarren kunci Malama Basira ta fara ganin mutumin da za ta zauna da shi shekara hamsin da biyu. A lokacin tana koyarwa a makarantar firamare a Isa, sai haƙorinta na can ƙurya ya tayar mata da hankali, ya hana ta ci, ya hana ta tsayawa gaban allo har kwana tara. An ba ta kanumfari ta tauna, an dafa mata bagaruwa ta kuskure baki, an yi mata tofi, ciwo sai gaba yake yi. Daga ƙarshe baffanta ya sa ta a mota suka nufi Sakkwato, domin an ce an kawo sabon likitan haƙori, kuma wai Bagobiri ne.

Basira ba ta yarda da zancen ba sai da ta ga zanen Gobirawa kwance a fuskarsa. Dogo ne siriri, cikin farar rigar asibiti. Ya rusuna ya gai da baffan nata, ya yi mata allurar kashe zafi, ya cire haƙorin da hannun hagu kafin ta gama karanta abin da ta fara karantawa a zuci. Sai da ya cusa mata auduga ya ce ta cije, sannan ya shiga jero mata tambayoyi: 'yar wane gida ce a Isa, aji nawa take koyarwa, tana da yayye maza ko babu. Ita ba halin magana, baffan ne ya yi ta amsawa, yana jin daɗin yaron nan mai ladabi. Bayan mako uku sai ga dattawan Gatawa, garinsu likitan, sun yi sallama a ƙofar gidansu. Har tsufanta Basira takan gaya wa jikokinta cewa ita ba a taɓa zuwa zance wurinta ba, baffanta aka yi wa zance.

Sunansa Muntaka, ɗan Usmanu wanzamin Gatawa. Gidansu gidan aska ne tun kaka da kakanni: su ke aski, su ke ƙaho, su ke yi wa jarirai zane, kuma idan haƙori ya addabi mutum su ke fizge shi. Muntaka ne ɗan fari, shi ya kamata ya gaji zabirar mahaifinsa, sai dai Allah ya yi shi bahago, kuma babu wanda zai miƙa wa wanzami bahago kansa, balle wuyansa. Saboda haka da 'yan En'e, ma'aikatan hukumar gargajiya, suka zo ɗibar yara zuwa makarantar boko, sauran gidaje na ta kai nasu gona suna ɓoyewa, Usmanu ya kamo hannun Muntaka ya kai musu da kansa.

"Ku tahi da wanga," ya ce. "Hannunai bai yi aikin gidanmu ba."

Zabira ta koma wa ƙanensa Yari. Shi kuwa Muntaka karatu ya karɓe shi, daga Sabon Birni zuwa Sakkwato, daga can har Legas, inda ya karanci aikin haƙori. Yakan ba Basira labarin yadda Yarbawan ajinsu, da yake abokan wasan Gobirawa ne, suka sa shi gaba da tsokana shekara biyar, shi ma bai raga musu ba. Ranar da ya dawo gida da takardar likita, mahaifinsa bai tambaye shi takardar ba, kayan aiki ya ce a nuna masa. Ya ɗauki 'yar wuƙar tiyata ya jujjuya ta, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa, ya ce aska ce dai, ƙarama ce kawai, kuma wanda ya ƙera ta bai san yadda ake yi wa aska ƙota ba.

Cire haƙori bai ishi Muntaka ba. Tun yana yaro ya sha ganin ana kawo wa mahaifinsa yara masu ciwon iska, Usmanu ya duba ya girgiza kai ya ce wannan ya fi ƙarfin aska. Cuta ce da ke kama ƙananan yaran da yunwa ta raunana, galibi bayan ƙyanda. Takan fara daga dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci ko leɓe. Yawancinsu ba su tashi, wanda ya tashi kuwa ya zauna da rami a fuska. Don haka bayan aurensu da shekara biyu ya kwashi Basira da jaririnsu suka koma Kaduna, ya ƙara shekara biyar yana koyon tiyatar baki da muƙamuƙi. Da suka dawo Sakkwato, kusan shi kaɗai ne mai wannan aiki a duk yankin.

Cikin ɗaruruwan mutanen da suka bi ta hannunsa, Basira ta fi son ba da labarin Hajo, wataƙila don ita ta tsinto ta. Ta je Isa ganin gida ne, ranar kasuwa, ta tsaya sayen nono wurin wata budurwa Bafillata da ta naɗe rabin fuskarta da ƙyalle. Basira ta taya, yarinyar ta amsa da yatsu. Ta sake yi mata magana, ta sake amsawa da yatsu. Wata mai hura da ke gefe ta gaya mata cewa yarinyar ba bebiya ba ce, ciwon iska ne ya kama ta tana da shekara biyar, ya huda mata kunci, muƙamuƙinta ya ƙage. Shekara goma sha ɗaya ke nan haƙoranta na sama da na ƙasa ba su rabu ba. Nono da kunu take sha ta ramin kuncin.

Washegari Basira ta sa aka kai ta rugarsu a gefen Tozai. Mahaifin yarinyar, Hamza, ya saurare ta da kyau, sannan ya ce sun gode, amma abin da Allah ya rufe ba su ga dalilin da mutum zai ce zai buɗe ba. Basira ba ta yi masa gardama ba. Ta sake komawa bayan wata ɗaya, wannan karon tare da Likita. Shi kuma bai ce komai game da Hajo ba sai da ya gama duba wata saniya da ta ƙi cin ciyawa, ya zaro mata guntuwar waya da ta maƙale a dasashi. Da saniyar ta sunkuya ta fara kiwo, Hamza ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a tafi da yarinyar.

Sau uku aka shiga da Hajo ɗakin tiyata cikin wata takwas. Likita ya yanke ƙashin da ya manne muƙamuƙin, ya ɗebo fata daga ƙirjinta ya rufe ramin kuncin, daga baya ya gyara mata gefen leɓe. Tsakanin aiki da aiki a gidansu take zaune, ɗaki ɗaya da 'ya'yan Basira mata. Likita ya ce nasa aikin mai sauƙi ne, mai wuyar yana hannun Malama, domin idan ba a riƙa buɗe bakin kullum ba zai sake ƙagewa. Ya kawo 'yan siraran katakan nan da ake danne harshe da su a asibiti. Kowace safiya Basira ta jera su tsakanin haƙoran Hajo, bayan kwana biyu ko uku ta ƙara ɗaya. Hajo ta yi kuka, ta yi fushi, ta riƙa faɗin maganganu da Fillanci waɗanda Basira ta gode Allah da ba ta jin su. A haka suka tashi daga katako uku har suka kai goma sha takwas.

Wata safiya suna zaune a tsakar gida suna tsince shinkafa, sai Hajo ta yi hamma. Doguwar hamma, har da hawaye. Ita kanta ta tsorata, ta dafe baki da hannu biyu, don ta manta yadda abin yake. Basira ta saki faifai, shinkafa ta watse, ta rungume ta suna dariya, kaji na ta bidiri a ƙafafunsu. Da Likita ya dawo da la'asar aka ba shi labari, ya ce shi fa bai gani ba, a sake. Hajo ta ce ai hamma ba a kiranta. Ya ce shi ya san yadda ake kiranta. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani ƙaton littafinsa na Turanci, ya zauna kan turmi ya shiga karanta musu da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Kafin ya kai ƙarshen shafi Basira ta yi, 'ya'yanta sun yi, Hajo ta yi har sau biyu. Ya rufe littafin ya ce alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau.

Hajo ta koma Tozai, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya bakwai. Abin da ba wanda ya zata shi ne muryar da ke ɓoye a bakin nan. A bikin babbar 'yar Basira ta rangaɗa guɗar da aka ji har unguwa ta uku, tun daga nan duk wani biki tsakanin Tozai da Isa sai an aika a ɗauko ta.

Da Likita ya cika shekara sittin ya yi ritaya, abokan aikinsa suka ɗauka zai buɗe asibitin kansa a Sakkwato. Basira ma haka ta ɗauka, har ta fara tunanin inda ya dace. Sai ya ce mata ta fara ɗaure kaya. Ranta bai so ba, ga jikoki a kusa, ga ruwan famfo, ga ƙawayenta na shekara ashirin. Ta tambaye shi laifin me Sakkwato ta yi musu.

"Ba ta yi muna komi ba, Malama," ya ce. "Amma za ni gida. Masu halin hawa mota ɗai ka iske mu nan. Sauran na can."

Ta yi kwana biyu ba ta sake masa fuska ba, ran na uku ta aika aka sayo igiya da buhuna.

A Sabon Birni suka zauna, a wani gida da ba shi da nisa da kasuwa. Ya mai da zauren ɗakin duba marasa lafiya, ya kafa tsohuwar kujerar haƙori da ya saya a gwanjo, ya sa aka yi masa babbar taga saboda haske. Babbar tiyata ba ta yiwuwa a nan, wannan sai ya rubuta takarda ya tura Sakkwato, wani lokaci ya raka da kansa. Amma cire haƙori, fasa ƙurji, ɗinke leɓen da saniya ta tsaga da ƙaho, duk a zauren ake yi. Ranakun kasuwa kuma ya sa akwatinsa a mota ya tafi Isa, ko Gatawa, ko Tozai, ya yi shimfiɗa a inuwar makaranta. Bai yanka wa kowa farashi ba. Mai hali ya sayi maganinsa, marar hali ya tafi da addu'a, shi ya sa gidan Basira bai taɓa rabuwa da zabbi da damman gero da ƙwaryar man shanu ba.

Waɗanda suka fi ba shi aiki su ne 'yan kabu-kabu. Kusan kowane mako sai an kawo wanda ya faɗi da babur ya karya muƙamuƙi. Likita ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, mutum ya yi mako shida ba tauna ba surutu, sai kunun gyaɗar da Basira ke damawa ana zuƙa da tsinke. Akwai wani Abbas, wanda duk tashar ta san shi da zuba, ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Da lokacin kwance masa waya ya yi, sai ga shugabannin ƙungiyarsu su huɗu sun zo takanas, suka yi gaisuwa, suka yi godiya, sannan babbansu ya sassauta murya ya tambaya ko akwai halin a ƙara masa mako biyu. Likita ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce zai duba, in sun yi masa alkawarin sa hular kwano. Suka yi alkawari. Sun sa ta kamar wata guda.

Aikin da shi kansa ya fi alfahari da shi kuwa, ba da hannunsa ya yi shi ba. Ƙanensa Yari ya riga ya zama Sarkin Askar Gatawa. Wasu ma'aikatan lafiya suna ganin wanzamai a matsayin abokan gaba, shi kuwa Likita kowace Juma'a sai ya zauna a tabarma Yari ya aske masa kai a bainar jama'a. Ta hannun Yari ya tara wanzaman yankin a zaurensa, aka ci tuwo, ya yi musu magana a matsayin ɗan gida. Bai ce su bar sana'a ba. Ya roƙe su abu uku: su riƙa tafasa kayan aiki, su bar tsaga dasashin jarirai, kuma duk yaron da suka gani yana warin baki da kumburin kunci bayan ƙyanda, kada a jira gobe, a ɗora shi a babur a kawo. Wasu sun yi gunaguni, amma Yari ya ce duk wanda ya ƙi, to ya ƙi maganar ɗan Usmanu. Wanzami kuwa babu gidan da ba ya shiga. Cikin 'yan shekaru aka riƙa kawo yara tun ciwon yana dasashi, a ba su magani da abinci mai kyau su warke ba tabo. Basira ta ce ranar da aka kawo irin wannan yaro, Likita har waƙa yake yi a banɗaki.

Shekarun 'yan bindiga sun zo musu da nauyi kamar kowa. Hanyoyi suka lalace, fita kasuwannin ƙauye ta gagara, mutanen Gatawa da dama suka gudo Sabon Birni, har da Yari da iyalinsa. Akwai lokacin da mutum talatin da ɗaya ke kwana a gidan, Basira na ɗora tukunya uku. 'Ya'yansu suka yi ta waya daga Sakkwato da Kaduna suna roƙon su taso, Likita ya ce in ya tafi wa zai bar wa baƙinsa. Kullum da hantsi sai ya dogara sandarsa zuwa makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, ya jera yara ya duba bakinsu ɗaya bayan ɗaya da tocila, ya raba musu asuwaki, ya nuna musu yadda ake gogawa yana yamutsa fuska har su fashe da dariya.

A cikin wannan lokaci ne, yana da shekara tamanin, wata safiya Basira ta ga shayi na zuba a gefen kofi sa'ad da yake tsiyayawa. Shi ma ya gani. Ya ajiye butar, ya miƙe hannun hagunsa ya daɗe yana kallon yadda yake rawa. Ta zaci zai damu. Sai ya ce hannun nan ya yi masa shekara hamsin bai taɓa kunyata shi ba, ya cancanci hutu. Ran nan ya wanke kayan tiyatarsa, ya naɗe su a farin ƙyalle, ya aika wa Likita Mardiyya, wata 'yar Isa da ya koyar tun tana ɗaliba, wadda yanzu ita ke irin aikinsa a Sakkwato. Daga nan bai ƙara yanka ba. Yakan duba, ya kira Mardiyya a waya ya gaya mata abin da ya gani, ita kuma ta ce a turo. Basira ce mai riƙe masa tocila, ita ce kuma mai danna wayar, don shi har ya bar duniya bai iya ta ba.

Ya rasu bayan kaka, yana da shekara tamanin da uku. Ya yi sallar azahar, ya ci ɗan dambu, ya ce zai kishingiɗa a inuwar darbejiya. Da aka je tashinsa la'asar, an tarar ya cika.

Basira ta yi kuka irin na wadda ta rasa abokin hira. Amma zaman makokin ya zo da abin da bai bar ta ta nutse cikin baƙin ciki ba. Mace za ta shigo ta durƙusa ta yi ta'aziyya, a shafa fatiha, sai kuma ta matso ta wangale baki ta ce Hajiya dubi nan, shi ya yi mini. Wata ta nuna leɓe, wata ta ja kunci ta nuna gurbin haƙori, wata ta turo ɗanta gaba ta ce ya buɗe a gani. Wani tsoho daga wajen Isa ya aiko daga zaure a gaya mata cewa da muƙamuƙin da Likita ya ɗaura masa ya ci naman layya goma sha tara. Hajo ta zo da jikokinta, ta karɓe madafa kwana bakwai ba ta bar kowa ya taɓa muciya ba. Ran na uku Basira ta ce wa 'yarta, ita dai tun da take ba ta taɓa ganin cikin bakin mutane da yawa haka ba, ta kama dariya, matan ɗakin suka taya ta.

Tana cikin takaba, wajen wata biyu da rasuwar, sai aka ce ga wata baƙuwa daga ƙetaren iyaka tana neman lokotoro, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran likita. Sunanta Binta, daga wani ƙauye kusa da Madarunfa. Kwana biyu ta yi a hanya da jaririya a baya, ba ta san ya rasu ba. Da aka gaya mata sai ta zauna a ƙasa. Basira ta sa aka shigo da ita, aka ba ta ruwa da hura, sannan ta ce a kwanto yarinyar. Sunanta Sadiƙa, wata uku da haihuwa, an haife ta da leɓen sama a tsage har zuwa hanci.

Basira ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauko tocila. Ta sa ɗan yatsa ta shafa ganɗar yarinyar, ta ɗaga ta ta ji nauyinta, ta tambayi uwar ko nono na fitowa ta hanci in tana sha. Sannan ta kira Mardiyya.

"Inna, ganɗar fa?" Mardiyya ta tambaya.

"Lahiya lau take, leɓen ɗai na, gefen hagu. Ɗiyar na da jiki, ba ta tari."

Mardiyya ta ce ko shi Baba Likita iyakar abin da zai faɗa ke nan. Ta ce a turo su ranar Litinin.

Binta ta kwana uku a gidan. Basira ta koya mata ta riƙa shayar da yarinyar a zaune, ta toshe tsagar da yatsa. Yari ya samo direban da ya yarda da shi, ya raka su tasha da kansa. Bayan mako biyar suka dawo. Binta ta kwance goyo tun daga zaure, ta shigo da yarinyar a hannu tana miƙa wa duk wanda ta gamu da shi ya gani. Ɗinkin ya kama, sai ɗan jan layi siriri ƙarƙashin hanci. Ta zo da cuku ƙunshi biyu, ta ce ɗaya na Hajiya, ɗaya a aika wa lokotoron Sakkwato. Basira ta karɓi Sadiƙa ta kai ta bakin taga ta duba da kyau, ta gaya wa uwar ta riƙa shafa wa wurin man kaɗanya safe da yamma, kuma kada ta bari rana ta riƙa dukansa. Yarinyar ta kama mayafin Basira ta cusa a baki, ta shiga tsotsa da ƙarfi. Aka bar ta da shi har ta yi barci.